Landsberg am Lech: Mai Masauki Ne Ko Abokin Tarayya?

A ranar Lahadi 7 ga watan Janairun 1951, mutane kimanin 4,000 suka cika babban dandalin garin Landsberg da ke bakin kogin Lech, a jihar Bavariya ta kudancin Jamus. Garin a wancan lokaci bai wuce mutum dubu goma sha biyu da kaɗan ba, saboda haka taron ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na yawan jama'arsa, ko da yake wasu daga ƙauyukan kewaye suka zo. Abin da ya tara su shi ne neman a sassauta wa mutum 28 da ke jiran igiyar rataya a kurkukun garin, waɗanda kotunan sojan Amurka suka yanke wa hukuncin kisa saboda ta'asar da suka yi a zamanin mulkin 'yan Nazi. Ana cikin jawabai sai ga Yahudawa kimanin 300 daga cikin waɗanda suka tsira da rayukansu, sun taso daga wani sansani da ke Lechfeld, suka fara ɗaga murya suna tuna wa masu taron yawan rayukan da mutanen da ake roƙa wa afuwar suka kashe. Amsar da suka samu daga cikin taron ita ce ihun cewa Yahudawa su fita. Wannan ya faru ne shekara shida ba cikakku ba bayan da sojojin Amurka suka tasa ƙeyar mutanen wannan gari zuwa wani fili da ke arewa da su, suka sa su haƙa ramuka suka binne gawawwakin Yahudawa da hannunsu.

Mutanen Landsberg sun daɗe suna da amsa guda da suke bayarwa idan aka tayar musu da wannan tarihi. Cewa suke yi ba su suka gina kurkukun ba, ba su suka kawo Hitler cikinsa ba, ba su suka kafa sansanonin gwale-gwale a bayan garinsu ba, kuma ba su suka kafa wurin rataya ba; duk daga Munich ko Berlin ko hedkwatar sojan Amurka aka yanko musu, su masu masauki ne kawai. Akwai gaskiya mai yawa a cikin wannan magana, kuma wanda duk ya yi watsi da ita bai yi wa garin adalci ba. Sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma kafin mutum ya gane inda ta tsaya sai ya koma can farkon garin.

Gishiri ne ya haifi Landsberg. Wajen shekarar 1160, Heinrich mai laƙabin Zaki, wanda ke sarautar Bavariya da Saksoniya, ya karkatar da hanyar fataken gishiri da ke tasowa daga Reichenhall zuwa yamma, ya sa ta ratsa kogin Lech a wannan wuri, ya gina gada, ya kuma kafa ganuwa a kan tudun da ke kallon gadar domin tsaron ta. Shi ne dai ya yi irin wannan dabara a kogin Isar a 1158, wadda ta zama asalin birnin Munich, mai nisan kimanin kilomita 60 gabas da Landsberg. Kogin Lech kuwa shi ne iyakar Bavariya da ƙasar Swabiya, don haka garin ya tashi a matsayin zango kuma bakin iyaka a lokaci guda. A 1315 aka ƙone shi ƙurmus a yaƙin neman sarauta tsakanin Ludwig na Bavariya da Friedrich na Ostiriya, kuma domin a saka masa da biyayyar da ya yi, Ludwig ya ba shi ikon karɓar haraji a kan kowane kayan gishiri da ya wuce, a 1320. Da wannan kuɗi aka gina rumbunan gishiri, da madatsar ruwa mai hawa-hawa da har yau take rugugi a tsakiyar gari, da ƙofar Bayertor ta 1425, wadda ke cikin ƙofofin gari mafiya kyau da suka rage a kudancin Jamus. Yaƙin Shekara Talatin ya durƙusar da garin, musamman a 1633 da sojojin Suwidin suka shiga suka yi kisa da wasoso, amma ya sake miƙewa, har a ƙarni na 18 magini Dominikus Zimmermann, wanda ya gina shahararriyar majami'ar Wies, ya zauna a cikinsa, ya ƙawata fuskar zauren majalisar gari, ya kuma riƙe muƙamin magajin gari.

Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu ya faru ne a ƙarni na 19, kuma ba a cika ba shi kulawa ba saboda babu jini a cikinsa. A zamanin Napoleon Bavariya ta haɗiye ƙasashen da ke ƙetaren Lech, sai kogin ya daina zama iyaka. Cinikin gishiri ta tsohuwar hanya ya mutu. Da aka shimfiɗa babban layin dogo daga Munich zuwa yamma, ta Kaufering ya bi, wani ƙauye mai nisan kilomita biyar arewa da gari, aka bar Landsberg da ɗan reshe. Garin da ya shekara ɗaruruwa yana ci daga abin da ke wucewa ta gadarsa ya wayi gari ba abin da ke wucewa, sai ya koma dogaro da abin da gwamnati ta ajiye masa: barikin soja, ofisoshi, makarantu, sannan daga baya babban kurkuku da aka kammala a 1908 a yammacin kogi. Garin da abincinsa ke hannun hukuma ba ya saurin yi wa hukuma gardama, ko wace iri ce.

A cikin wannan kurkuku akwai wani sashe na musamman da dokar Jamus ta tanada domin abin da za a iya kira ɗaurin mutunci. Ana yi wa wannan ɗauri ne waɗanda kotu ta ga laifinsu ba na ƙasƙanci ba ne, kamar masu laifin siyasa. Ba a sa su aikin tilas, suna sa tufafinsu na gida, suna karɓar baƙi, suna cuɗanya da juna. Wanda ya fara zama a sashen shi ne Anton Graf von Arco, matashin da ya harbe firimiyan Bavariya Kurt Eisner a kan titi a watan Fabrairun 1919. A nan aka kawo Adolf Hitler a watan Nuwamban 1923, kwana biyu bayan yunƙurin juyin mulkinsa ya watse a Munich, inda 'yan sanda huɗu suka rasa rayukansu. Laifin cin amanar ƙasa ne, kuma Hitler ɗan Ostiriya ne wanda doka ta ce a kore shi daga ƙasar, amma alƙali Georg Neithardt, wanda shi ne ya yi shari'ar Arco tun farko, ya bar shi ya mayar da kotu dandalin jawabi, ya yanke masa mafi ƙarancin hukunci na shekara biyar a ranar 1 ga Afrilun 1924, ya kuma ƙi ba da umarnin korarsa. A ɗaki mai lamba 7 Hitler ya karɓi baƙi sama da 300, ya yi bikin cika shekara 35 cikin furanni da kyaututtuka, ya rubuta kashin farko na littafinsa Mein Kampf tare da mabiyinsa Rudolf Hess a kusa da shi, har ya samu sukunin rubuta wa wani dillalin motoci a Munich wasiƙa yana neman a rage masa farashin motar Benz. Shugaban kurkukun, Otto Leybold, ya rubuta masa shaidar kyakkyawan hali, aka sake shi ranar 20 ga Disamba. Da aka hana mai ɗaukar hotonsa Heinrich Hoffmann ɗaukar hoto a ƙofar kurkuku, sai suka hau tudu suka tsaya a gaban Bayertor, Hitler ya dafa mota, aka ɗauka. Mutane da yawa da suka ga hoton sun zaci tsohuwar ƙofar garin ita ce ƙofar gidan yarin.

Har zuwa nan hujjar mai masauki tana nan daram. Alƙalan Munich ne suka yi wannan sakaci, ba 'yan kasuwar Landsberg ba. Amma daga 1933, da Hitler ya hau mulki, garin da kansa ya ga dama ta samu. Aka mayar da ɗaki mai lamba 7 wurin ziyara, aka buga katunan hoto, hukumomin gari suka rinƙa tallata shi da sunan garin Hitler, kuma a 1938 kaɗai an ƙiyasta masu ziyarar ɗakin da kimanin mutum 100,000. A 1937 da 1938 tawagogin ƙungiyar matasan Hitler da suka tako da ƙafa daga sassan ƙasar zuwa babban taron jam'iyya a Nuremberg sun ci gaba da tattaki har Landsberg, inda suka yi gangami da dare a babban dandali riƙe da sandunan wuta, shugabansu Baldur von Schirach ya yi musu jawabi, aka raba wa kowannensu kwafin littafin Mein Kampf. Aka laƙaba wa garin sunan birnin matasa. Masu otal da masu gidajen abinci sun ci riba, kamar yadda kakanninsu suka ci ribar fataken gishiri, kuma 'yan tsirarun iyalan Yahudawa da ke garin an matsa musu har suka bar shi kafin yaƙi ya ɓarke. Babu wanda ya tilasta wa majalisar gari ta yi wannan talla. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski, kuma askin ya zo a 1944.

A watan Fabrairun wannan shekara jiragen Amurka da Birtaniya suka ragargaza masana'antun ƙera jiragen yaƙi na Jamus, har da na kamfanin Messerschmitt a Augsburg, wadda ba ta kai kilomita 40 daga Landsberg ba. Gwamnatin Nazi ta yanke shawarar mayar da aikin inda bam ba zai taɓa shi ba, musamman ƙera sabon jirgi mai injin jet, Me 262, wanda ta ɗora wa burin juya akalar yaƙin. An zaɓi dazuzzukan da ke kewaye da Landsberg ne saboda dalilai na injiniyoyi zalla: ƙasar wurin tsakuwa ce mai zurfi da kogin ya tara tun zamanin da, akwai ruwa, ga kuma layin dogon nan da ya bi ta Kaufering. Aka tsara gina manyan maɓoyai uku na kankare, kowanne mai tsawon mita 400 da faɗin mita 85 a bisa tsari. Dabarar ginin ita ce a tara tsakuwa ta zama tudu mai ƙusumbi, a jera ƙarafa a kansa, a zuba kankare mai kaurin mitoci, idan ya bushe a kwashe tsakuwar daga ƙarƙashi, rufin ya tsaya da kansa. Hukumar gine-gine ta Todt ce ke kula da aikin, manyan kamfanonin gini irin su Leonhard Moll da Philipp Holzmann ne 'yan kwangila, rundunar SS ta 'yan Nazi, mai kula da sansanonin gwale-gwale, kuwa ita ce ke kawo ma'aikata tana karɓar kuɗin hayarsu a kan kowane kai.

Ma'aikatan Yahudawa ne. Gwamnatin da ta yi alfaharin cewa ta raba ƙasar Jamus da Yahudawa ita ce ta shiga dawo da su cikin taragun dabbobi, saboda ba ta da sauran hannun aiki. Taragun farko sun iso tashar Kaufering daga sansanin kisa na Auschwitz da ke ƙasar Poland a watan Yunin 1944 da mutum dubu, sannan wasu suka biyo baya daga Hungari da Lituwaniya da Lodz ta ƙasar Poland da sauran wurare. Aka kafa sansanoni goma sha ɗaya a kewayen Landsberg da Kaufering, dukkansu a ƙarƙashin babban sansanin Dachau. Cikin wata goma, kimanin mutum 23,000 ne suka ratsa ta cikinsu, wato fiye da ninki biyu na mazauna Landsberg a lokacin. Waɗanda aka tabbatar da sunayensu a cikin matattu sun haura 6,000, ban da waɗanda aka mayar Auschwitz saboda ƙarfinsu ya ƙare, da waɗanda suka faɗi a hanya a kwanakin ƙarshe. Tsofaffin ƙididdiga ma sun kai adadin zuwa 14,500.

Makwancinsu rami ne. Ana haƙa dogon rami a ƙasa, a kifa masa rufin katako mai jinka, a zuba ƙasa a kai, a bar siririyar hanya a tsakiya, mutane su jeru a gefe biyu a kan katako da ɗan ciyayi, mutum hamsin ko fiye a bukka guda. Ruwan sama yana shiga, hunturun Bavariya yana shiga, kwarkwata ta yi yawa har cutar taifus ta ɓarke. Daga nan ake kora su kilomitoci a ƙafa, cikin takalman katako, zuwa wurin gini, su yi awa goma sha biyu suna ɗaukar buhunan siminti a kan ruwan miya da gutsuren burodi. Waɗanda suka tsira sun ba da shaidar cewa akwai waɗanda santsi ya kwasa suka faɗa cikin ɗanyen kankare, ba a tsayar da aiki ba. Likitan ƙwaƙwalwa Viktor Frankl na Vienna yana cikin waɗanda suka yi zama a waɗannan sansanoni suka fita da rai. A sansani na ɗaya kuma, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, wasu mata bakwai 'yan Hungari sun haihu, kuma jariran bakwai duka sun rayu. Jirgi ko ɗaya ba a ƙera a maɓoyan ba. Guda ɗaya ne ma aikinsa ya yi nisa, shi ne kuma rundunar sojan Jamus ta yau take amfani da shi.

A nan ne maganar “ba mu sani ba” take rushewa. Auschwitz tana can nesa a ƙasar da aka mamaye, amma waɗannan sansanoni suna bakin gonaki ne, wasu ana hango su daga titi, kuma ayarin fursunoni na bin hanyoyin da manoma da 'yan makaranta ke bi safe da yamma. 'Yan kasuwa sun kai kaya, ofisoshin gari sun yi amfani da fursunoni a wasu ayyuka. Shaida mafi ƙarfi a kan cewa an sani ita ce ta waɗanda suka taimaka. Alois Elsner, mai sana'ar share bututun hayaƙi na gidaje, aikinsa yana shigar da shi sansanonin, sai ya rinƙa ɓoye abinci da magani da tufafi yana kai wa fursunoni, shi da matarsa Maria, kuma daga baya cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila ta karrama su. Akwai matan da suka rinƙa ajiye burodi ko dankali a gefen hanya. Ba su da yawa, kuma ba adalci ba ne a nemi kowa ya yi jarunta a ƙarƙashin gwamnatin da ke kashe mutum a kan ƙaramin abu. Amma rashin iya hanawa daban, rashin sani daban, kuma bayan yaƙi da yawa sun fake da na biyun.

A ƙarshen Afrilun 1945, da sojojin Amurka suka matso, SS ta kora waɗanda ke iya tafiya zuwa Dachau da ƙafa, ta zuba wasu a jirgin ƙasa, sannan ta cinna wa bukkokin sansani na huɗu da ke kusa da Hurlach wuta, alhali marasa lafiyar da ba su iya tashi suna ciki. Rundunar tankoki ta 12 ta Amurka ta iso ranar 27 ga wata ta tarar da hayaƙi bai gama tashi ba, da gawawwaki kimanin 360. Shi ne aka kwaso mutanen gari aka sa su binne su. Akwai hoton da aka ɗauki kwamandan sansanin, Johann Eichelsdörfer, tsaye a tsakiyar gawawwakin. A kurkukun Landsberg aka rataye shi a shekarar da ta biyo. Shi kuwa tsohon garin, da hasumiyoyinsa da majami'unsa da gidajensa masu launi, ya fita daga yaƙin ba tare da bama-bamai sun rusa shi ba.

Shekaru biyar da suka biyo baya sun haɗa abubuwa biyu a gari guda waɗanda da wuya a sake samun irinsu a wani wuri. A barikin soja na Saarburg da ke garin aka tsugunar da Yahudawan da suka tsira, waɗanda ba su da gidan komawa, har yawansu ya kai dubu biyar zuwa shida a wasu lokuta. Da farko sojojin Amurka sun tsare su a bayan waya mai ƙaya kamar fursunoni, sai da wani matashin hafsa, Manjo Irving Heymont, wanda shi ma Bayahude ne amma bai bayyana musu ba, ya karɓi ragamar wurin a watan Satumban 1945 ya sa aka cire wayar, aka bar su suka zaɓi shugabanninsu. Suka buɗe makarantu da wuraren koyon sana'a, suka fara buga jarida da harshen Yidish cikin haruffan boko saboda ba su da na Ibrananci, suka yi aure suka hayayyafa. David Ben-Gurion, wanda daga baya ya zama firimiyan Isra'ila na farko, ya ziyarce su a watan Oktoban 1945, kuma a watan Mayun 1948 shahararren jagoran makaɗa ɗan Amurka Leonard Bernstein ya jagoranci ƙungiyar makaɗa ta tsofaffin fursunoni a gabansu. An rufe sansanin a 1950, bayan yawancinsu sun tafi Isra'ila da Amurka.

A daidai wannan lokaci, tafiyar 'yan mintoci daga barikin, kurkukun da Hitler ya zauna ya zama gidan yarin masu laifin yaƙi mai lamba ɗaya na sojan Amurka. Fiye da mutum 1,500 ne suka zauna a ciki, daga masu gadin sansanoni zuwa likitoci da janar-janar da attajirai irin su Alfried Krupp da Friedrich Flick, kuma an zartar da hukuncin kisa a kan sama da 250, cikinsu har da Karl Brandt, likitan Hitler, a 1948. Waɗanda ke jiran kisa ana sa musu jar riga, da ita aka san su. To, me ya sa jama'a suka tsaya wa masu jar riga? Dalilan sun haɗu ne. Kundin tsarin mulkin Jamus ta Yamma na 1949 ya soke hukuncin kisa, sai ya zama akwai hujjar doka mai kyan gani. Yaƙin Koriya ya ɓarke a watan Yunin 1950, Amurka ta fara neman Jamusawa su sake ɗaukar makami a gefenta, tsofaffin hafsoshi kuma suka ce sai an sako abokansu. Manyan limaman coci, har da Bishop Johannes Neuhäusler wanda shi kansa ya yi zaman Dachau, sun yi ta kai ƙorafi a kan yadda aka gudanar da wasu shari'o'in, kuma gaskiya ne cewa an samu kurakurai a binciken wasu daga ciki. Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai wani abin da ba a furtawa: idan mutanen da ke kurkuku sojoji ne da suka bi umarni, waɗanda mai nasara ke ramuwa a kansu, to sauran jama'a ma ba su da abin amsawa.

Idan aka dubi su wane ne ake roƙa wa rai, hujjar ba ta tsayawa. Otto Ohlendorf ya amsa da bakinsa a gaban kotu cewa rundunar da ya jagoranta ta kashe mutum kimanin 90,000. Paul Blobel shi ne ya jagoranci harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a kwazazzabon Babi Yar da ke Kiev a watan Satumban 1941. Oswald Pohl shi ne ke riƙe da harkokin dukkan sansanonin gwale-gwale, wato shi ne uban gidan tsarin da ya haƙa ramukan Kaufering. Cikin masu jawabi a dandali ranar 7 ga Janairu akwai ɗan majalisar tarayya Richard Jaeger, wanda daga baya ya zama ministan shari'a kuma ya yi suna wajen neman a dawo da hukuncin kisa. Ƙyamar rataya ba ita ta kawo shi dandalin ba ke nan. A ganina wannan rana ta fi gangamin 1937 nauyi a kan garin, domin a 1937 ana iya cewa akwai tsoro, a 1951 kuwa babu ɗan sandan ciki da ya tsaya a bayan kowa.

Matsin ya yi aiki. A ranar 31 ga Janairu babban kwamishinan Amurka John McCloy da Janar Thomas Handy suka sassauta wa 21 daga cikin 28 ɗin, aka rage wa wasu da dama shekarun ɗauri, Krupp ya fita cikin kwanaki aka kuma mayar masa da dukiyarsa. Sauran bakwai, har da Ohlendorf da Blobel da Pohl, an rataye su ranar 7 ga Yunin 1951, kuma su ne na ƙarshe. A watan Mayun 1958 aka saki fursunoni huɗu da suka rage. Ɗaya daga cikinsu, Martin Sandberger, wanda aka taɓa yanke wa hukuncin kisa saboda kashe Yahudawan Estoniya, ya rayu har 2010, ya mutu a gidan kula da tsofaffi a Stuttgart yana da shekara 98. Kurkukun ya koma hannun Bavariya, yana aiki har gobe, ba a kuma barin masu yawon buɗe ido su shiga. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna cewa a nan aka kai tsohon shugaban Bayern Munich, Uli Hoeness, a 2014 saboda ƙin biyan haraji.

Bayan haka sai shiru na kusan shekara talatin. Aka gina gidaje da masana'antu a kan filayen wasu sansanonin, aka haƙi tsakuwa a wasu, daji ya cinye sauran. Wanda ya tono maganar malamin makarantar sakandare ne, Anton Posset, wanda a farkon shekarun 1980 ya sa ɗalibansa binciken tarihin garinsu domin wata gasa ta ƙasa, sannan a 1983 shi da wasu suka kafa ƙungiyar 'yan gari mai binciken tarihin Landsberg a ƙarni na 20. Sun sha zagi da zargin ɓata sunan gari. A 1985, da gudummawar wani attajiri Bayahude da ya tsira daga kisan, Alexander Moksel, ƙungiyar ta sayi wani yanki na filin sansani na bakwai, inda ragowar gine-gine suka tsira. Abin lura shi ne ba gwamnatin jiha ko majalisar gari ce ta ceci wurin ba, kuma har shekarun baya-bayan nan ana ta ja-in-ja a kan wanda zai ɗauki nauyin gina cikakkiyar cibiyar tarihi a can. Yau garin, mai mutum kusan dubu talatin, yana ambaton wannan tarihi a fili, yana gayyatar waɗanda suka tsira da jikokinsu, kuma akwai titi mai sunan Elsner.

Wurare biyu sun nuna cewa tsugune ba ta ƙare ba. A gefen kurkuku akwai ƙaramar maƙabartar Spötting, inda aka binne fursunonin da suka mutu a hannun 'yan Nazi, sannan aka binne sama da ɗari daga cikin waɗanda Amurkawa suka rataye, har da Pohl, kowa da gicciyen katako iri ɗaya, a jere. Da masu ra'ayin Nazi na zamani suka mayar da wurin wajen ziyara, sai hukumomin Bavariya suka cire allunan sunaye a 2003. An cire na kowa ne, saboda haka wanda aka zalunta ya rasa sunansa tare da wanda ya yi zaluncin, kuma mai ziyara ba shi da hanyar bambance kabarin wannan da na wancan. A sansani na bakwai kuwa, gine-gine uku da aka tsare mata a cikinsu suna nan tsaye, rabinsu a cikin ƙasa, rufinsu na bututan yumɓu masu siffar kwalba, an cusa bakin ɗaya cikin gindin ɗaya har suka lanƙwasa kamar bakan gizo na ɗakin soro. Da aka zo gyaran su tsakanin 2014 da 2016, masu aikin sun tarar da rubutun fensir a jikin yumɓun: sunayen wasu 'yan mata Yahudawa da aka kwaso daga tsibirin Rhodes na tekun Bahar Rum, waɗanda suka rubuta da hannunsu.